Yadda Ake Auna Aikin Mai Binciken Cututtukan Jini ta Maƙalunsa da Masu Ambatonsa

Ɗalibin likitanci a Jami'ar André Salifou da ke neman malamin da zai jagorance shi a kundin kammala karatu, da ɗan jaridar rediyo da zai gayyato masani ranar 19 ga Yuni, ranar tunawa da masu amosanin jini ta duniya, da shugabar ƙungiyar iyayen yara masu emasi, wato amosanin jinin, da wani baƙo ya zo wa da takardar neman haɗin gwiwa, duk tambaya ɗaya ce a gabansu. Wannan mutumin da ake ce wa babban masanin jini, me ya bincika, a ina ya buga, su wa suka karanta suka ɗora a kai? A da sai abin da ka ji a bakin mutane. Yanzu da salula da ɗan kuɗin intanet, kana zaune a Birni ko Sabon Gari za ka duba da kanka, kuma yawancin wuraren da za mu shiga kyauta ne.

Abu biyu za mu bi: maƙalun da mutum ya buga a mujallun kimiyya, da ambato. Idan wani mai bincike ya dogara da aikinka har ya sa shi cikin jerin madogarar maƙalarsa, an ambace ka sau ɗaya ke nan. Lambobin ambato suna nuna maka inda za ka duba. Hukunci kuwa sai ka buɗe maƙalun ka karanta, kamar yadda mai sayen hatsi a kasuwar Dole ba ya yarda da saman buhu sai ya zura hannu ƙasa.

Ka tanadi littafin rubutu da biro. Idan akwai kwamfuta ya fi, don wasu shafukan suna matsewa a salula.

Mataki na ɗaya: tabbatar da sunan mutumin

A nan mu mutanen Nijar muka fi shan wahala, kuma wanda ya yi gaggawa a nan, duk lissafin da zai yi daga baya ya lalace. Rumbunan maƙalu na duniya a kan tsarin Turawa aka gina su: sunan iyali guda da ba ya sauyawa, sai harafin farko na sunan yanka. Mu kuwa sunan mutum ne, da na mahaifinsa, wani lokaci har da na kakansa. A ce likita sunansa Musa, mahaifinsa Ibrahim, kakansa Garba. Wata mujalla za ta ɗauki Garba a matsayin sunan iyali, wata ta ɗauki Ibrahim, wata kuma ta mai da Musa ɗin sunan iyali saboda shi ya zo farko a takardar. Mutum ɗaya ya zama uku, maƙalunsa sun rabu gida uku. Ga kuma bambancin rubutu tsakanin ɓangarenmu da na Najeriya: Moussa da Musa, Ousmane da Usman, Abdoulaye da Abdullahi. Likita mace tana iya buga maƙalunta na farko da sunan mahaifinta, na baya da na mijinta.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi yaudara. Suna irin Ibrahim M ɗaruruwan mutane ne ke amsa shi, daga Masar zuwa Maleshiya, sai ka ga an jingina wa likitan Damagaram maƙalun wani masanin sinadarai na Alƙahira.

Don haka kafin ka buɗe kowane shafi, ka rubuta duk sigogin sunan da za su iya fitowa. Ka rubuta wuraren da ya yi karatu da aiki, da shekarun: Yamai, Dakar, Abijan, Rabat, Kano, duk inda ya bi. Idan za ka iya samun takardar tarihin aikinsa, to ka sami mafari. Abin da ya fi duka shi ne lambar ORCID. Lamba ce mai alƙaluma 16 da aka fara bai wa masu bincike a 2012, kowa da tasa, ba ta sauyawa ko an sauya suna ko wurin aiki. Tambayar mutum lambarsa ta ORCID ba rashin ladabi ba ne, kowane mai bincike na gaske ya saba da ita.

Mataki na biyu: PubMed

PubMed rumbun Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa ne na Amurka, kyauta ne tun 1997, kuma ba ya buƙatar rajista. A akwatin nema ka rubuta sunan iyali, ka bar fili, ka sa harafin farko, ba waƙafi. Don ka saba da hannu, gwada Tshilolo L. Za ka ga maƙalun Léon Tshilolo, likitan yara na Kinshasa da ya daɗe yana aiki kan amosanin jini. Daga nan sai ka gwada sunan wanda kake bincike, siga bayan siga.

Idan sakamakon ya yi yawa, ka ƙara sunan gari ko na cuta. Kalmomin neman dole su zama na Ingilishi, domin PubMed yana fassara kan maƙalar Faransanci ma zuwa Ingilishi: "sickle cell" ga amosanin jini, "anemia" ga ƙarancin jini, "transfusion" ga ƙarin jini, "hemophilia" ga cutar rashin daskarewar jini, "leukemia" ga sankarar jini.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mu kaɗai. Idan ka rubuta Niger, dubban maƙalun da za su fito na wata funfuna ce mai suna Aspergillus niger, wasu kuma na Jihar Neja da yankin Neja Delta na Najeriya. Sunan gari ya fi aiki: Zinder, Niamey, Maradi.

Kowace maƙala da ta fito, ka danna ta, ka buɗe wurin da aka jera ma'aikatun marubuta, ka tabbatar mutuminka ne. Sannan ka rubuta shekara, da mujalla, da matsayin sunansa a jerin marubuta. Idan ka ga jan tambari a saman shafin cewa an janye maƙalar, ka yi mata alama ta musamman, za mu dawo kanta.

Mataki na uku: sauran rumbunan, musamman na gida

Wanda ya tsaya a PubMed ya zalunci masu bincikenmu. Da yawa daga abin da likitocin Nijar ke rubutawa da Faransanci ne, a mujallu irin su Médecine d'Afrique Noire, da Health Sciences and Disease ta Kamaru, da mujallun jami'o'inmu, kuma ba dukansu manyan rumbuna ke ɗauka ba. Likitan da ya kwashe shekara goma yana rubuta abin da yake gani a sashen yara, yadda masassarar cizon sauro ke shanye jinin yaro daga Agusta zuwa Oktoba, yana iya fitowa a PubMed da maƙala biyu rak, alhali ya buga ashirin.

To sai ka shiga Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004. Shi yana kwaso kusan komai: maƙalu, kundayen digiri, littattafai, rahotanni, ko da wane harshe. Idan mutumin ya buɗe shafinsa a can, za ka ga jerin ayyukansa da yawan ambato a gefen kowanne, da jimilla, da zanen shekara-shekara. Sai dai mai shafin ne ke kula da shi, kuma na'urar kan zuba masa maƙalun masu irin sunansa idan bai tsaftace ba. Ka gangara ƙasa ka duba. Likitan jini ba zai rubuta kan siminti ko kiwon kifi ba.

Ka leƙa AJOL, rumbun mujallun Afirka da ke Afirka ta Kudu. Ka leƙa Scopus na kamfanin Elsevier: cikakkensa na kuɗi ne, amma neman marubuci kyauta ne, zai nuna maka yawan maƙalu da ambato. OpenAlex ma kyauta ne tun 2022.

Lambobin ba za su zo daidai ba, kada hakan ya dame ka. Google Scholar kusan kullum shi ke kan gaba saboda ba ya tacewa, Scopus yana ƙasa saboda zaɓaɓɓun mujallu yake ƙirgawa. Abin kiyayewa shi ne, idan za ka gwada mutum biyu, ka ɗauko lambobinsu daga rumbu ɗaya, a rana ɗaya.

Mataki na huɗu: tace jerin

Yanzu kana da dogon jeri. Ba duk abin da ke cikinsa ke da nauyi ɗaya ba, don haka ka raba su.

Akwai rahoton majinyaci guda, inda likita ya ga abin da ba a saba gani ba ya rubuta. Yana da amfani, amma ba a kafa hukunci da mutum ɗaya. Akwai binciken da aka yi da fayilolin asibiti na wasu shekaru, a ƙirga yara nawa aka kwantar, nawa aka yi wa ƙarin jini, nawa suka rasu. Irin wannan shi ya fi yawa a wurinmu, kuma ba na raina shi ko kaɗan, don da shi muke sanin girman matsala. Sama da shi akwai bibiyar rukunin majinyata tsawon lokaci da tsari tun daga farko. Sai gwajin magani inda ake raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wanda shi ne mafi ƙarfin hujja kan ko magani yana aiki. Akwai kuma maƙalar bita, wadda ke tattara ayyukan wasu. Sai wasiƙu da sharhin edita.

Ka lura da wani abu da ke ruɗa ko da malamai. Ƙungiyar Masana Jini ta Amurka tana babban taro kowane Disamba, kuma gajerun bayanan da aka gabatar a taron ana buga su a ƙarin fitowa ta musamman ta mujallarta, Blood, wadda aka kafa a 1946. Sai ka ga takardar mutum ɗauke da sunan Blood sau biyar, ka ɗauka ya buga cikakkun maƙalu biyar a ɗaya daga cikin manyan mujallun fannin. Ka duba: idan an rubuta "Supplement" a gaban lambar fitowar, kuma abin bai wuce shafi ɗaya ba, bayanin taro ne. Kaiwa ga taron abin yabo ne, amma ba a tantance shi yadda ake tantance cikakkiyar maƙala ba. Tambayar da za ka yi ita ce, bayan shekara biyu ko uku, cikakkiyar ta fito?

Mataki na biyar: ina sunansa ya faɗo

A likitanci, na farko a jerin marubuta yawanci shi ya yi aikin da hannunsa kuma ya rubuta. Na ƙarshe shi ne babba, mai jagoranci, sau da yawa shi ya nemo kuɗin. Wanda aka sa adireshinsa don a tuntuɓe shi, shi ke ɗauke da amsa tambayoyi. Na tsakiya gudummawarsu ta bambanta, daga mai yawa zuwa ƴar kaɗan. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya ce marubuci sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya sa hannu sosai a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya gyara da idon basira, ya amince da sigar ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi kan aikin. Kowa ya san ana saka sunan shugaban sashe don girmamawa ko da bai karanta ba. Shi ya sa CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, take duba matsayin suna idan malamin jami'a ya kai takardunsa neman ƙarin girma.

Ka ƙirga: sau nawa ya zo farko, sau nawa ƙarshe. Tafiya mai kyau ita ce ka ga a shekarun ƙuruciya yana farko, daga baya ya koma ƙarshe, sababbin sunaye suna fitowa a gabansa. Ga ɗalibi mai neman jagora, wannan ce alamar da ta fi kowace daraja, domin tana nuna malamin yana ɗaga ɗalibansa har kundinsu ya zama maƙala da sunansu a gaba.

Akwai kuma maƙalu masu marubuta ɗaruruwa, wasu har fiye da dubu, irin na ƙididdigar nauyin cututtuka a duniya. Aikin yana da amfani. Daga gare shi muka ji, a mujallar Lancet Haematology ta 2023, cewa a 2021 an haifi jarirai wajen 515,000 da amosanin jini, kuma masu rayuwa da cutar sun kai miliyan 7.74. Amma irin waɗannan maƙalu ana ambatonsu sau dubbai, kuma kowane mai suna a ciki yana kwashe jimillar gaba ɗaya a shafinsa. Idan ka ga mutum da ambato 20,000, ka jera maƙalunsa daga mafi yawan ambato. In goman farko duk irin waɗannan ne, ka ajiye su gefe ka ƙirga saura.

Mataki na shida: mujallar

Akwai mujallun bogi da ke turo saƙo suna alkawarin bugawa cikin kwanaki kaɗan in an biya, ba tare da wani masani ya duba aikin ba. Sunayensu kan yi kama da na manya. Ka nemi sunan mujalla a DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, da AJOL, da kundin mujallu na ɗakin karatun da ke riƙe da PubMed, inda za a gaya maka ko tana cikin MEDLINE, wato zaɓaɓɓun da kwamiti ya tantance. Ka kuma duba kan maƙalar kanta, akwai ranar da aka karɓa da ranar da aka amince. Kwana huɗu tsakani ba ya isa masana biyu su karanta su yi gyara.

Biyan kuɗi kaɗai ba ya nuna bogi, mujallu nagari da yawa suna karɓa don su bar kowa ya karanta kyauta, kuma wasu suna yafe wa marubutan ƙasashe irin tamu. Kuma in ka ga maƙala ɗaya ko biyu na matashin likita a irin waɗannan wurare, ka yi masa uzuri, galibi yaudararsa aka yi. In rabin jerin ne, maganar ta sauya.

Ma'aunin tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙiro, lissafinsa shi ne yawan ambaton da maƙalun shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Mujalla yake aunawa. Maƙala tana iya fitowa a babbar mujalla ba wanda ya kula ta, wata ta fito a ƙarama ta sauya aiki a asibitoci. Sanarwar San Faransisko ta 2012, wadda jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike da yawa suka sa wa hannu, ta ce a daina auna mutum da wannan lamba.

Mataki na bakwai: lissafa ma'aunin h da hannunka

Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya kawo wannan ma'auni a 2005. Shafukan za su ba ka shi a shirye, amma ka iya lissafinsa, don bayan ka tace jerin za ka buƙaci sabo.

Ka jera maƙalu daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka ba su lamba. Ga misali na koyo: maƙalu tara masu ambato 40, 22, 15, 9, 6, 6, 3, 1, 0. Ta ɗaya tana da aƙalla 1? E. Ta biyu aƙalla 2? E. Ka ci gaba. Ta shida tana da 6, ta cika. Ta bakwai tana da 3, ba ta kai 7 ba. Ka tsaya, ma'aunin h ɗinsa 6 ne, wato yana da maƙalu shida da kowacce aka ambata aƙalla sau shida.

Yanzu ɗauki wani mai maƙalu huɗu: 900, 2, 1, 0. Nasa 2 ne kacal, alhali wataƙila waccan guda ɗaya ta fi duk taran na farko amfani. Ka ga iyakar ma'aunin ke nan. Ba ya raguwa ko mutum ya daina aiki shekara ashirin. Yana fifita dattijo a kan matashi, don ambato yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ya fara taruwa. Ba ya bambanta na farko da na ɗari biyu a jerin marubuta. Maƙalun bita da na dabarun ɗakin gwaji sun fi tara ambato: wadda ke kan gaba a tarihin kimiyya ta Oliver Lowry ce ta 1951 kan yadda ake auna furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000.

Abin da ya fi damuna shi ne bambancin fanni. Ambato yana bin yawan masu rubutu, yawan masu rubutu kuma yana bin kuɗi. Wani nazari da ya fito a JAMA Network Open a 2020 ya gwada amosanin jini da sistik fibrosis, wata cutar gado da ta fi kama Turawa, ya tarar kuɗin bincike da gwamnatin Amurka ke kashewa kan kowane majinyacin sistik fibrosis ya fi ninki uku na mai amosanin jini. Idan haka abin yake a can, ina ga mai nazarin ƙarancin jinin yara a Magarya ko Matamaye, yana rubutu da Faransanci, masu irin aikinsa a duniya ba su da yawa? Kada ka gwada shi da mai binciken sankarar jini a Paris. Ka gwada shi da sa'o'insa: fanni ɗaya, shekarun aiki kusan ɗaya, yanayi iri ɗaya.

Ka duba ambaton kai ma. Mutum ya ambaci aikinsa na baya abu ne na al'ada, tunda a kansa yake gini. Idan kuwa ka buɗe masu ambaton maƙala ka ga mafi yawansu shi ne da abokansa uku suna zagayawa, to aikin bai fita daga ɗaki ba.

Mataki na takwas: me masu ambaton suka ce

Ka zaɓi maƙalunsa uku da suka fi ambato cikin waɗanda ya jagoranta. A Google Scholar ka danna lambar da ke ƙarƙashin kowacce, jerin masu ambato zai fito. Ka buɗe biyar ko shida, ka nemo jimlar da aka ambace shi. Wani yana gini a kan sakamakon, wani ya jefa shi cikin jerin gabatarwa kawai, wani kuma ƙaryata shi yake. Na'ura duk ɗaya take ƙirga su. Har maƙalar da aka janye tana ci gaba da tara ambato, shi ya sa ake duba rumbun Retraction Watch, a ga dalilin janyewar: kuskure ne marubutan suka gano suka faɗa da kansu, ko ƙirƙirar bayanai ne.

Tarihin maganin voxelotor ya isa darasi. Gwajinsa ya fito a New England Journal of Medicine a 2019, ya nuna yana ɗaga jinin masu amosanin jini, Amurka ta amince da shi a shekarar, aka yi ta ambaton maƙalar. A Satumba 2024 kamfanin da ke yin sa ya janye shi daga kasuwannin duniya bayan sababbin bayanai sun tayar da damuwa kan tashin ciwo da mace-mace. Lambar ambato tana nan da girmanta. Wanda bai karanta abin da ya biyo baya ba, ba zai sani ba.

Idan maƙala a kulle take, ka nemi kwafin kyauta a PubMed Central. Ka tambayi ɗakin karatun jami'a ko na asibiti game da Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, wanda ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe irin Nijar dubban mujallu kyauta. Ko ka rubuta wa marubucin kai tsaye, yawancinsu suna turowa da murna.

Mataki na tara: aikin ya iso gadon majinyaci?

Wannan ba shafin da zai lissafa maka shi. A 1998 gwajin STOP na Amurka ya nuna cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro mai amosanin jini, aka gano wanda ke cikin haɗari, aka riƙa yi masa ƙarin jini a kai a kai, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da kusan kashi 90 cikin ɗari. Babban aiki ne, an ambace shi sau dubbai. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ba da jini yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya don a sami leda guda, ya san ƙarin jini kowane wata tsawon shekaru ba abu ne da yawancin iyalanmu za su iya ba.

A nan maƙwabtanmu suka shigo. Gwajin SPRING da aka yi a Kano da Kaduna, wanda ya fito a Lancet Haematology a 2022, da Shehu Abdullahi a farko da Michael DeBaun a ƙarshe, ya ɗauki yara 220 da ke cikin wannan haɗari, ya gwada maganin hidroksiyuriya na sha, miligram 10 da miligram 20 kan kowane kilo, bai ga bambanci ba a yawan shanyewar jiki tsakanin rukunin biyu. Kafin shi, REACH na 2019, da Tshilolo a farko, ya ba yara fiye da 600 wannan magani a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, aka ga raguwar ciwo, da buƙatar ƙarin jini, da masassarar cizon sauro, da mutuwa. SPRING bai kama ƙafar STOP a yawan ambato ba. Ga uwar da ke riƙe da yaro a Babban Asibitin Damagaram kuwa, shi ne ya fi kusa da abin da za a iya yi mata. Maganin gyaran ƙwayar halitta da aka amince da shi a ƙarshen 2023, mai farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, zai tara ambato fiye da su, kuma ba shi ne zai iso Mirya ko Tanut nan kusa ba.

Don haka ka tambaya: an ambaci aikin mutumin a jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya ko na ma'aikatar lafiya? Ya sauya yadda ake gwajin jarirai, ko ba da penisilin, ko tace jini? An sami amincewar kwamitin ɗa'a, an nemi yardar iyaye? Idan baƙo ne ya yi bincike a ƙasarmu, akwai sunayen ƴan ƙasa a gaba, ko a godiya kawai aka sa su? Ka tambayi ma'aikatan jinya da tsofaffin ɗalibansa, sun san abin da ba ya cikin intanet.

Rubuta abin da ka samu

A shafi ɗaya ka sa kwanan wata, da sigogin sunan da ka nema, da rumbunan da ka shiga. Ka sa yawan cikakkun maƙalu bayan tacewa, nawa ya zo farko ko ƙarshe, nawa ne cikin shekara biyar da suka wuce, da ma'aunin h tare da sunan rumbun da ya fito. A ƙasa ka rubuta jimla biyu kan kowacce cikin maƙalu ukun da ka karanta: me aka tambaya, me aka samu, a kan mutum nawa.

Idan za ka je wurinsa neman jagoranci, ka tafi da wannan shafin. Bayan gaisuwa ka ce, "Farfesa, na karanta maƙalarku kan ƙarin jini ga yara, ina da tambaya kan yadda kuka zaɓi majinyatan." Kuma kafin ka kare kundinka, ka buɗe taka lambar ORCID, minti biyar ya isa, ka zaɓi sigar suna ɗaya da tsarin jerinsa, ka riƙa sa ta haka a kowace takarda da za ka aika wa mujalla.